Wa Zai Yi Jinyar Masu Ciwon Zuciya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

A ƙarshen shekarar 2021 wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ta haihu a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Faskari. Mako uku bayan suna ƙafafunta suka kumbura, haki ya hana ta kwanciya, sai dai ta kwana a zaune. Manyan gida suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa. A lokacin an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, don haka babu wanda ya iya kiran wani masani. Da ƙyar aka kai ta Funtuwa, likita ya ce zuciyarta ce ta gaza. Ba ta ga arba'in ba. Allah Ya jiƙanta.

Mai karatu, wannan cuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun a shekarar 1978 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka wallafa bincikensu a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego a Zariya, inda suka danganta abin da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi da shan kanwa. Bincike a Sakkwato a 2007 ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da suka haihu tana gamuwa da ita. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya karkata akalar zargi zuwa ga rama da rashin ilimi da rashin abin yi da hawan jini na lokacin ciki. Ke nan ba al'ada kaɗai ke da laifi ba, talauci ma yana da nasa kaso. Sai dai duk da haka, kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana tara ruwa a jikin wanda zuciyarsa ta riga ta raunana.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, gazawar zuciya ba irin zazzaɓi ba ce da za a yi allura uku a warke. Ko ta jego ce, ko ta dattijon da hawan jini ya daɗe yana ci, cuta ce ta jinya. Majinyaci yana buƙatar shan magani kullum, har da mai sa fitsari don rage ruwa, da rage gishiri da dunƙulen miya, da auna nauyi da hawan jini a kai a kai. Mai jegon da ta farfaɗo kuma sai an zaunar da ita da maigidanta an nuna musu haɗarin sake ɗaukar ciki kafin zuciya ta murmure. Wannan duk ba aikin babban likitan da ke Shika ko Katsina ba ne, aikin ma'aikaciyar jinya ce da ke kusa da gida.

To, ita ce kuwa rashin tsaro ya fara kora. Duniya ta san Ƙanƙara ne da sace ɗaliban makarantar kimiyya sama da 300 a Disambar 2020, kuma a Janairun 2025 maharan sun shiga har cikin babban asibitin garin. Wace nas ce za a tura ƙauyen Sabuwa ta tafi da kwanciyar hankali? Muna ƙirga waɗanda harsashi ya kashe, amma babu mai ƙirga waɗanda maganinsu ya ƙare a hanya.

A matsayina na ɗalibin harshe, akwai wani giɓi da ke damuna. Idan Bahaushe ya ce ciwon zuciya, sau da yawa baƙin ciki yake nufi, maganinsa kuma haƙuri. Idan an ce kumburi, sai a tuna sanyi ko sammu. Muddin ma'aikatan lafiya ba su sami kalmomin da za su haɗa kumburin ƙafa da haki da zuciya a tunanin uwar miji da ungozoma ba, to an yi ba a yi ba.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da ta horar da 'ya'yan waɗannan yankuna aikin jinya, ta ba su alawus na musamman da tsaro, ta kuma wadata kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa da ma'aunin nauyi da na hawan jini da magunguna masu sauƙin kuɗi. A wajabta duba mai jego kafin arba'in. Malamai a mumbari da gidajen rediyo su yi ta nanata alamomi uku: kumburi, haki, da kasa kwanciya. Mu kuma 'yan boko da ke aika kuɗin ragon suna, mu riƙa tambaya: yaya numfashin mai jego? Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.