Kyauta Ce Ko Ciniki?

'Yan kasuwa, ku kuka san ciniki, sai ku raba mana gardama. A Amurka, gidan talabijin na jama'a, PBS, yana roƙon gudummawar masu kallo, ya yi musu tukuici da faifan bidiyon wasan mawaƙa, amma kuɗin ya ninka na kanti. Wasu sun ce taimako ne, wasu sun ce tsada ce kawai. A 2025 majalisar ƙasar ta janye tallafin dalar Amurka biliyan 1.1, roƙon ya zama dole.

Mu a Nijar, mai wutar NIGELEC yana biyan kuɗin rediyo da talabijin cikin takardar wuta. In wata rana Télé Sahel ta nemi ƙari, kada a sa wa ciniki rigar kyauta. A sayar da waƙoƙin marigayi Maman Barka a farashin da mai tuyar ƙosai za ta iya, a ba iyalansa haƙƙinsu. In gudummawa ake so, a riƙa sanar da mu farashin hatsi, wake da bisashe na kasuwannin Sakabal da Dakoro, da Hausa. Mutanen Rumbu ba sa sayen akuya sai sun duba haƙoranta.