Idan shantiye ya raunata ɗan kasuwa, wa zai biya?

Duk wanda ke cin kasuwannin iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya, ya san yadda gine-gine suka shigo mana har tsakiyar rumfuna. Nan ana ɗora bene a kan shaguna, can an gina ramin magudana an bar shi a buɗe, ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa ta Jibiya. Ba mu ƙi ci gaba ba. Tambayarmu ɗaya ce: ranar da bulo ya faɗo a kan mai tallar goro, ko motar yashi ta yi baya ta murƙushe buhunan albasa, wa zai ɗauki asarar?

Abin da aka saba, kowa ya san shi. Shugaban leburori ya zo ya ce sannu, a miƙa jika biyar ko goma na magani, dattawa su ce ƙaddara ce, a watse. Bayan wata uku ƙafa ba ta warke ba, jari ya tafi wajen mai ɗori, shantiye kuma ya tashi. Mun yarda da ƙaddara, amma ba ita ke yafe hakki ba. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da cewa wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba bisa ƙa'ida ba, shi ke da lamunin abin da ya faɗa ciki.

Da farko a bambance. Lebura ko magini da ya ji ciwo a bakin aiki yana da tasa hanyar: a Nijar asusun CNSS ne ke kula da haɗarin aiki ga ma'aikacin da aka yi wa rajista, a Najeriya kuma akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ɗan kasuwa, ɗan dako, mai wucewa, ba ya cikin wannan. Babu wata yarjejeniya tsakaninsa da mai gini, shi ya sa da yawa ke zaton ba su da bakin magana. To, suna da shi. Kundin dokar zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ya faɗa a aya ta 1382 da ta 1383 cewa wanda ya jawo wa wani ɓarna, ko da ta sakaci ce, sai ya gyara. Aya ta 1384 ta fi mana amfani: ubangida ne ke amsa laifin yaransa a bakin aiki, shi ne kuma ke da alhakin kayan da ke ƙarƙashin kulawarsa. Ke nan ba direba ko yaron da ya saki bulo za a kama ba, wanda ko kuɗin abincin rana da ƙyar yake samu. Ɗan kwangilar da ya ɗauke shi za a nema. In kuwa ginin ne ya rufta saboda an ha'inci aikin ko an ƙi gyara, aya ta 1386 ta nufi mai ginin kansa.

A wancan ɓangaren iyaka, dokar inshora ta Najeriya ta 2003 ta tilasta wa mai gina bene fiye da hawa biyu ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya mutu, ya ji rauni ko aka ɓata wa dukiya, ko ma'aikaci ne ko mai wucewa. An maye gurbinta da sabuwa a 2025, ba a kuma soke wannan tilas ba. Doka dai tana takarda. Mun tuna watan Agusta na 2022, lokacin da bene da ake cikin ginawa ya rufta a kasuwar wayoyi ta titin Beirut a Kano, ya danne mutane, aka yi asarar rai. Ƴan kasuwa ne ke harkarsu a wurin, kamar dai yadda muke zaune a gindin irin waɗannan gine-gine kullum.

Inda muke faɗuwa shi ne shaida. Kamfanin asirans ba ya jin rantsuwa, takarda yake karantawa. Ranar da abin ya faru, a kira jandarma ko ƴan sanda su rubuta, in da hali a ɗauko wisiye ya yi konsta tun ba a share wurin ba. A ɗauki hoto da salula, har da allon da ke ɗauke da sunan kamfanin da lambar motar. A je asibiti a karɓi takardar likita, ko da daga baya za a wuce wajen mai ɗori, a kuma adana rasiɗin magani. Kaya kuma sai an nuna rasiɗin saye. A nan kam wasunmu za su sosa ƙeya, domin kayan da suka shigo ta bayan duwan ba su da takardar da za a kai gaban alƙali.

Sai a yi hattara da sulhun gaggawa. Kamfanonin asirans kan sa sharaɗi cewa duk sulhun da aka yi ba da saninsu ba, bai ɗaure su ba. Alkawarin bakin shugaban leburori ba ya kai ka ko'ina, takardar da ka dangwala wa yatsa cewa ka yafe kuwa tana iya rufe maka ƙofar kotu.

Mutum ɗaya ba zai iya ja da ɗan kwangila ba, amma ƙungiya za ta iya. Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu: kafin a sauke tifar yashi ta farko a cikin kasuwa, ku nemi ganin izinin gini daga ma'aikatar magajin gari da takardar asirans ɗin aikin, ku ajiye kwafi a ofis. Ku sa a kewaye wurin da kwano, a tayar da rumfunan da ke gindinsa, a kuma hana ɗaga kaya sama ranar cin kasuwa.