Da Tsohuwar Zuma Ake Magani



Ranar 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta cinye rufin majami'ar Katolika ta Notre-Dame da ke Paris a Faransa. A cikinta akwai wani katafaren kayan kiɗa da ake kira ogan, mai bututu kusan 8,000. Iska ake turawa cikin bututun, kamar yadda maƙeri ke zuga wuta, makaɗin kuma yana zaune yana danna maɓallai da hannu da ƙafa. Gwanin maƙeri Aristide Cavaillé-Coll ne ya sake gina shi a 1868, bai kuma zubar da duk tsofaffin bututun da ya tarar ba.

Wutar ba ta cinye ogan ɗin ba, amma rufin da ya narke na dalma ne, ƙurarsa mai guba ta lulluɓe shi. A 2020 aka kwance shi bututu-bututu, daga baya aka tsabtace, aka sauya fatun tumakin da ke riƙe iskar, aka mayar da komai mazauninsa. Daidaita sautin kaɗai ya ɗauki watanni, kuma da dare ake yi, domin da rana hayaniyar magina ba ta barin kunne ya tantance. Sai ranar 7 ga Disamba, 2024 jama'a suka sake jin muryarsa.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa, tunda na lantarki ya fi araha. Mu a ganinmu sun yi daidai. An tara sama da Yuro miliyan 800 don gyaran majami'ar, amma kuɗi ba shi da kunne. Abin da ya ceci ogan ɗin shi ne har yanzu akwai masu sana'ar da suka san bututun da ya kauce daga sautinsa cikin dubbai. Irin wannan sani ba a sayensa a kanti, a bakin aiki yaro ke ɗaukarsa wurin maigidansa. Da an kawo na lantarki, da an yi asara biyu: kayan tarihi, da damar da matasa suka samu ta koyon gyaransa.

Don haka duk mai riƙe da abin gado ya tambayi kansa: idan ya lalace gobe, wa ya iya gyara shi, kuma wa yake koya wa?

Allah ya sa mu dace.