Taurin Sitiyari: Kafin A Jona Waya A Mota, A Fara Duba Taya

'Yar na'urar nan ta ELM327 da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta zama abin yayi a tsakanin matasa masu motoci. Da zarar an haɗa ta da waya ta Bluetooth, an buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner, sai mota ta fara bayanin abin da ke damunta. Abu ne mai kyau, kuma ya kamata kowane mai mota ya mallake ta. Sai dai idan matsalar taurin sitiyari ce, ko mota na ja gefe guda, wanda ya fara da waya ya fara daga ƙarshe.

Dalili kuwa shi ne sitiyarin motocin da ke yawo a Kano, Kaduna da Zariya iri biyu ne. Akwai mai aiki da mai, wanda famfo ke tura masa man, bel na injin kuma ke juya famfon. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008, da Honda Accord 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2012, da Peugeot 406 duk wannan tsarin ne. Irin wannan sitiyarin ba kwamfuta ce ke sarrafa shi ba, don haka sikana ba ta da labarin da za ta bayar a kansa. Sai kuma mai aiki da lantarki, kamar na Corolla 'yar Amurka daga 2009 da Camry daga 2012. Shi ba ya shan mai. Ƙaramin moto ne ke taimaka wa hannun direba, da na'urar da ke auna ƙarfin murɗawa, da kwamfutar da ke lissafa taimakon da za a bayar. Hanyar gane bambancin mai sauƙi ce: a buɗe bonet, idan akwai 'yar tankin man sitiyari, to mai mai ne.

Ko wane iri ne, binciken farko na wajen mai faci. Tayar gaba da ta rage iska tana sa sitiyari nauyi, idan kuma ɗaya ta fi ɗaya iska, mota za ta riƙa ja zuwa gefen mai ƙarancin iskar. Ma'aunin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35. Idan taya ta cinye ta gefe ɗaya, alaimen ne ya goce, abin da ramukan hanyoyinmu ke jawowa kullum. Birkin da ya maƙale a taya ɗaya shi ma yana jan mota, kuma ana gane shi da zafin da rim ɗin gefen ke yi bayan tafiya.

A mota mai mai, kukan da ke tashi idan an murɗa sitiyari har ƙarshe alama ce ta ƙarancin mai ko gajiyar famfo, ƙara mai kama da fito kuma yawanci bel ne ya saki. Ƙara mai kawai ba gyara ba ne, domin man ba ya ƙonewa kamar fetur. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo. A kuma kula da irin man: Honda na da nata na musamman, Toyota da yawa kuma man giya na atomatik suke sha. Abin da aka rubuta a murfin tankin shi za a bi.

A mota mai lantarki ne waya ke da rana. Sitiyarin na jan wuta sosai, saboda haka batirin da ya gaji ko caja mai rauni na iya sa ya yi nauyi, fitilarsa ta kama a dashbod. Manhajar na nuna ƙarfin wutar: kusan 12.6 idan mota na kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 idan tana kunne. Wannan duban na minti biyu na iya hana mutum sayen moton sitiyari alhali batir ne ya mutu.

A nan ma akwai tarko. Yawancin manhajojin kyauta lambobin inji kawai suke karantawa, masu farawa da harafin P. Lambobin sitiyari da birki da harafin C suke farawa, kuma sai manhajar da ta san kwamfutocin kamfanin motar ke ganinsu. Don haka waya na iya cewa babu matsala alhali matsalar na nan. Mafi muni shi ne ɗabi'ar goge lamba don fitila ta mutu. Wanda ya yi haka ya share shaidar da makanike zai yi aiki da ita, cutar kuma tana nan daram.

Batun ba na kuɗin gyara kawai ba ne. A 2014 kamfanin General Motors ya janye motoci sama da miliyan 1.3 a Amurka saboda taimakon lantarkin sitiyarinsu na iya ɗaukewa ana cikin tafiya. Mai motar da aka shigo da ita daga Amurka zai iya sa lambar VIN ɗinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin hukumar NHTSA ya ga ko akwai gyaran da ba a yi mata ba.

Wasu za su ce duk wannan aikin makanike ne. Gaskiya ne, bolijoin da tayarod sai an ɗaga mota a jak ake gane lalacewarsu. Amma wanda ya je gareji ya riga ya san iskar tayarsa, matakin mansa da ƙarfin batirinsa, da wuya a sa shi sayen abin da bai lalace ba. Idan kuwa sitiyari na cijewa ya saki, ko yana da sako-sako, a ajiye motar a ranar, kada a hau babbar hanya da ita.