Ciyawar da Akuya Ba Ta Ci

Wani yayana a nan Yamai ya kira ni in zo in ga abin da ya yi wa yaransa. Na san gidan sarai: bedi biyu da mangwaro ɗaya a tsakar gida, a ƙarƙashinsu uwargidansa ke shimfiɗa tabarma ta tsince shinkafa. Da na shiga sai na tarar duk an sare su. A gurbinsu an shimfiɗa ciyawar roba, kore shar, da fararen layuka da ƙananan raga biyu. Watan Afrilu ne, ƙarfe biyu na rana. Na tuɓe takalmi na taka, ban kai taku uku ba na yi tsalle na koma kan siminti. Yaran da aka yi dominsu kuwa suna ɗaki gaban talabijin.

Na ce, "Yaya, wannan fili ne ko tanda?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan rediyo, komai sai ka yi masa surutu." To, surutu sana'ata ce, kuma wannan yayi ya fara yaɗuwa a gidajen masu hali, don haka bari in yi shi.

Mai karatu, ka san yadda ake shimfiɗa ta? A haƙe ƙasar wurin, a zuba tsakuwa a daɓe, a shimfiɗa darduma mai zaren roba, sannan a barbaɗa yashi, sau da yawa har da garin tsofaffin tayoyin mota, don zaren ya miƙe tsaye. Ciyawar Allah tana fitar da danshi ta sanyaya kanta. Roba kuwa shan zafi kawai take yi ta riƙe. Aune-aunen da aka yi a Amurka sun nuna samanta kan haura digiri 60 a tsakar rana. Mu da iskarmu ma ke wuce digiri 40 a bazara, me muke nema da ita a ƙofar ɗakin kwana?

Abin dariyar shi ne asalinta. Ta yi suna ne a 1966 a filin Astrodome na birnin Hustan, fili mai rufi wanda ciyawarsa ta mutu saboda ba ta samun hasken rana. Maganin rashin rana ke nan muka ɗauko muka kawo ƙasar da rana ta yi wa yawa. Su kansu masu ita sun fara ja da baya. Babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Holan ta hana wasa a kanta daga kakar 2025. Tarayyar Turai kuma a 2023 ta yanke cewa daga 2031 ba za a ƙara sayar da garin robar da ake barbaɗawa ba, domin ruwa na kwashe shi zuwa ƙasa da koguna. In suka daina saye, ina kake jin dillalai za su juyo da kayan?

Hujjar yayana ita ce ba ta shan ruwa. Amma da idona na ga maigadi yana fesa mata ruwan famfo kafin la'asar don ta huce, ga ƙurar hunturu da ke cika ta sai an wanke. Bedin da aka sare kuwa rabonsa da ban ruwa tun yana ƙarami. Bayan shekara goma ko ƙasa da haka zaren zai ƙone ya fara tsinkewa, a naɗe dardumar a kai bola. Tun 2014 muke da dokar hana leda a Nijar, har yau leda ce ke toshe mana magudanai. Kowace ranar 3 ga Agusta kuma mu fita dashen itace, a ɗauki hoto, mai hali ya dawo gida ya sare nasa.

Duk wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da filin ke faɗa wa yaro. Ƙwallo wasan unguwa ne. Mu da muka tashi muna buga ta ƙafa ba takalmi, da duwatsu biyu a matsayin raga, ɗan malami da ɗan mahauci da ɗan kwamanda tare muke cin ƙura, wanda ya iya shi ake fara zaɓa, ba a tambayar ko ɗan wa ne. Yanzu filayen nan ana ta yanka su fuloti, har itatuwan da aka dasa don kewaye Yamai tun 1965 gine-gine sun ci da yawansu. Masu kuɗin da za su iya tsayawa a bar wa unguwa fili ɗaya, su ne suka zaɓi yi wa 'ya'yansu uku fili a bayan katanga mai waya. Yara uku za su buga wasa da wa? Da maigadi?

Ba na faɗa da ciyawar roba a filin jama'a, inda ɗaruruwan matasa ke wasa da yamma kuma ciyawar gaske ba za ta jure ba. Can akwai lissafi. Amma tsakar gida wurin mata ne da yara ƙanana, wurin shanya da daka da hira, kuma ba a nemi shawarar uwargidan yayana ba kafin a kawo masu gatari. Da na gaishe ta na tambaye ta ina take zama yanzu, sai ta nuna mini ɗan inuwar garejin mota.

Na zauna har la'asar sakaliya don in ga wasan. Babban yaron ya fito, ya ɗauki ƙwallon daga cikin raga, ya saɓa a hammata, ya roƙi maigadi ya buɗe masa ƙofa. A kan layi abokansa sun riga sun jera duwatsu.