INA IYAKAR HAƘURIN KIRISTA?

Jama'a, duk ran da talaka ya buɗe baki zai yi kuka, sai wani malamin majami'a ya taso da Linjila a hannu ya ce masa, "Yi haƙuri, Kirista ba ya faɗa." Mun ji. Amma haƙuri da me, kuma a wuyan wa?

Bari mu tuna wa waɗannan malamai labarin Afirka ta Kudu. A 1857 majalisar Ekklisiyar Dutch Reformed ta zauna a kan maganar wasu Turawa da su ka ƙi cin Jibin Ubangiji tare da baƙar fata. Maimakon a tsawata musu, sai aka ce a yi haƙuri da rauninsu, a ware wa baƙar fata nasu wurin sujada. To, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Daga 1948 gwamnati ta mai da wariyar launin fata dokar ƙasa, fastocin nan suna sa mata albarka. Ran 21 ga Maris 1960 'yan sanda su ka harbe mutum aƙalla 69 a Sharpeville. A Disamban shekarar shugabannin ekklisiyoyi su ka taru a Cottesloe, su ka ce ba a hana mai bi shiga majami'a saboda launinsa. Firayim Minista Verwoerd ya murtuke fuska, Dutch Reformed ta janye. Fastonta Beyers Naudé ya ƙi janyewa, ya rasa aikinsa a 1963. Sai a 1982, a Ottawa, 'yan'uwanta na duniya su ka dakatar da ita. Shekara 125 ke nan ana haƙuri, wanda a ke dannewa kuwa shi ke biya.

Ga iyakar a wurinmu. Wanda ya zage ka, yafe masa. Maƙwabcinka mai wani addini, zauna da shi lafiya, hakkinsa ne. Amma zaluncin da a ke yi wa wani ba naka ba ne balle ka yafe. Almasihun da ya yafe wa masu gicciye shi, shi ne ya kife teburan masu canjin kuɗi a Haikali.

Saboda haka duk malamin da ke yi wa talaka wa'azin haƙuri ran Lahadi, ran Litinin kuwa ya ci tuwo gidan azzalumi bai ce uffan ba, ba mu kiransa mai haƙuri. Ɗan koren azzalumi ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.