Malamai, mu yi hattara da shafukan juya fayil

Wata ɗabi'a ta shigo makarantunmu tare da wayar hannu: duk fayil ɗin da ya ƙi buɗewa, sai a ce a kai shi intanet a juya shi. Har ta kai ɗalibanmu masu koyon aikin malanta suna neman shafin da zai mayar musu da fayil ɗin ICO ya koma takardar Word, don su ɗora tambarin lakwal ko hoton agogo a kan takardar darasi. Ni ina ganin wannan hanya ɓata mega ce, kuma akwai hatsari a bayanta.

ICO ƙaramin hoto ne da Windows ke amfani da shi a matsayin alama, irin wadda kake dannawa ka buɗe wani aiki a kwamfuta. Fayil guda kan ƙunshi hoton a girma dabam-dabam: ɗigo 16 a kan 16, ko 32, ko 48, mafi girmansa 256. Idan ana son bugu mai tsabta na ɗigo 300 a kowane inci, wannan mafi girman bai wuce santimita biyu da ɗan kai ba. In ka ja shi ya cika rabin shafi, sai ya yi dishi-dishi, yaro ya kasa rabe hannun awa da na minti.

Abin da shafin yake yi kuwa shi ne ya ɗauki hoton ya manna a farar takarda, ya miƙo maka da sunan DOCX. Hoton bai ƙaru ba, bai zama rubutun da za a iya gyarawa ba. Wannan aikin kana iya yin sa ba tare da intanet ba: buɗe hoton da Paint, ka aje shi a matsayin PNG, ka saka shi cikin Word ko LibreOffice.

Babban abin tsoro shi ne sabo. Hannun da ya saba tura tambari yau, gobe shi zai ɗauki hoton tambayoyin jarrabawa, ko jerin sunayen ɗalibai da ranakun haihuwarsu da makinsu, ya tura wa shafin da bai san mai shi ba, bai san ƙasar da na'urarsa take ba. Da yawa daga cikin shafukan nan sukan ce suna goge fayil bayan ƴan awoyi. To, wa ya gani? Malamin da ba zai bar tambayoyin jarrabawa a teburin mai shayi ba, me ya sa zai bar su a can? Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, kuma sunan ɗan wani amana ne a hannunmu tun kafin doka ta zo.

Ko shafukan da ke karanta rubutun cikin hoto ba su cika yi wa Hausa adalci ba. Sau da yawa ƙ takan koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Ka rubuta ƙasa a ba ka kasa, ka rubuta ɓata a ba ka bata, sannan a raba wa yara sittin.

Shawarata ga makarantun horar da malamai na Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauransu: a ware darasi ko biyu a koya wa ɗalibi bambancin hoto da rubutu, da irin fayil ɗin da ya dace da kowane aiki, da takardun da bai kamata su fita daga kwamfutar lakwal ba. Wanda ya san wannan kafin a tura shi aji, zai tsare megarsa, ya tsare sirrin yaran da aka damƙa masa.